Shekarar da Na Ƙona Zinarin Gidanmu

Na san labarin da kuke ba juna idan na juya baya. Wai Inna Kulu ta taɓa gasa kifi da zinari, wai a duk ƙasar Ngaski babu macen da ta taɓa hura wuta mai tsadar tawa. Jikokin da ko cikinsu ba a yi ba a lokacin sun fi kowa iya shi, kowa da gishirin da yake ƙara masa, har na ji wani ya ce da gangan na yi don ba na son karatun boko. To tunda Allah ya sa na koyi riƙe biro da tsufana a ajin matan tungarmu, zan rubuta muku yadda abin ya faru, da laifina, da na babanku, da na al'adar da muka tashi a cikinta. Wanda ya karanta ya ci gaba da dariyarsa, ban hana ba, amma ya san abin da yake wa dariya.

Ni 'yar masunta ce, jikar masunta. Iyayena suna cikin waɗanda ruwan tafki ya tasa daga gungunsu aka zaunar da su a gaɓa, kusa da Wara, kuma abin da na buɗe ido na gani shi ne murhun banda. Na san wuta fiye da yadda na san fuskokin wasu dangina. Na san itacen da ke ba kifi ja mai kyau da wanda ke sa shi ɗaci, na san yadda ake danne garwashi ya wuni yana ci a hankali ba tare da ya tashi da harshe ba. Ina kuma da wani hali da dukanku kun sha da shi: ba na zubar da abu. Tsohon buhu, ƙyallen zane, murfin galan, duk suna da mazauni a wurina. Toka kuwa a wata tsohuwar randa mai tsage nake tara ta, in barbaɗa wa kuɓewa saboda ƙwari, in tace ruwanta ranar da kanwa ta yanke. Babanku yakan ce da hayaƙi yana kamuwa da tuni na ɗura shi a kwalabe na jera a ƙarƙashin gado.

Shi ma Malam, babanku, da koma da kwale-kwale na same shi. Da kifi ya fara ja da baya, aka kuma ce an ga zinari a duwatsun da ke bayanmu, sai ya jingine filafili ya bi 'yan haƙa. Allah ya ba shi sa'a, cikin 'yan shekaru ya zama mai wurin wanki na kansa, da injin niƙa da mutane a ƙarƙashinsa. Ga yadda aikin yake: a fasa dutse, a niƙe shi ya zama gari, a wanke a kwano, sannan a ɗiga zaiba, wannan farin ruwan ƙarfe mai nauyi da ke gudu a tafin hannu. Zaiba ta kama zinarin ta dunƙule da shi, a matse a ƙyalle, a ɗora dunƙulen a cokali bisa garwashi. Zaiba ta tashi, zinari ya zauna. Ba wanda ya taɓa tambayar inda take zuwa idan ta tashi. Malam kuwa ba ya yarda da kowa wajen ƙonawa, da kansa yake yi, a cikin zaure, ƙofa a rufe don kada a ga abin da ya samu, ya sunkuya a kan cokalin yana hura wutar da bakinsa. Garwashin ma ni nake ɗebo masa daga murhuna.

Ana nan sai hannunsa ya fara rawa. Da fari shayi ne ke zuba masa a riga, muna yi masa tsiya. Daga baya ya kasa ɗaure mazagin wando sai ya juya baya ya daɗe yana fama, carbi ya riƙa suɓuce masa a masallaci, dasashinsa yana jini. Abin da ya fi ci mini rai shi ne halinsa. Mutumin da ba ya wuni bai tsokane ni ba ya koma mai fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya yi faɗa, ya manta abin da ya yi faɗan a kansa. An ce iskokin dutse ne, an ce sammu ne na abokan haƙa. Mun sha rubutu, mun yi turare har bangon ɗaki ya yi baƙi. Zan faɗa muku ba ɓoyo, na ji tsoro ƙwarai. Na hango ranar da zan riƙa ba babanku tuwo a baki alhali bai tsufa ba.

Yanzu sai in kawo muku babbar yayarku. Ita ce 'yar farina, kun kuwa san yadda muke da ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa, ba a zama hira da shi. Ana yaye ta goggonku, ƙanwar Malam, ta ɗauke ta zuwa Yelwa. Can ta girma, can ta yi makaranta, har ta wuce jami'a ta karanta ilimin haɗa sinadarai. Ni Ta-Yelwa nake ce mata, shi ma sai ba ta wurin. Idan ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, in amsa ina kallon tukunya. Idan ina so ta ci abinci sai in ce da iska, ga tuwo can yana hucewa. Ita ma haka take yi mini. Ta kawo mini atamfa ko sabulu ba ta ba ni a hannu, sai ta ajiye a ɗakin ajiya ta yi tafiyarta, ni kuma ba na godiya, sai dai ta dawo ta ga zanen a jikina, godiyar ke nan. Kada ku ɗauka ba na son ta. Ranar da aka ce ta gama jami'a bayan ɗaki na zagaya na yi kukana na ƙoshi, na fito na ce hayaƙi ne ya shigar mini ido. Haka aka yi mini a gidanmu, haka na yi, kuma a lokacin ina ganin mutuncina ke nan.

Ita ce ta zo ta ga hannun ubanta, ta ɗauke shi sai asibiti. Likita ya tambayi sana'arsa, ya ce hayaƙin zaiba ne, in bai bari ba abin gaba zai yi. Malam ya dawo ya ce likita ba shi da iyali ne shi ya sa. Hirar da suka yi bayan nan a zaure ba a gabana aka yi ta ba, ku lura da wannan sosai, sai bayan komai ya wuce Malam ya ba ni labarinta.

"Baba, zaibar da kake hurawa ba iska take bi ba, a jikinka take zama. Ita ce a hannunka."

"To na jiya. In bar ta in kama zinariya da mi? Da addu'a?"

"Da gawayi."

Ya ce dariya ya yi har da tari.

"Gawayi? Wanga da innarki ka gasa kihi da shi? Duk shekarun da kinka yi boko abin da anka koya miki ke nan?"

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Gawayin ba irin na murhu ba ne. Daga ƙwallon goruba ake yin sa, a gasa a rufaffen ganga, a ratsa shi da tururi mai tsananin zafi har kowace ƙwaya ta cika da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Garin dutse kuma a jiƙa shi a wani ruwan magani da ke narkar da zinari yadda ruwa ke narkar da gishiri. Sai a bi da ruwan ta cikin gawayin, ramukan nan su kama zinarin su riƙe, ruwa ya wuce. Ba ta ɓoye masa ba cewa ruwan maganin shi ma guba ne mai kisa, amma ta ce a kwarmin siminti yake zama, cikin shinge, nesa da tafki da rijiya, wanda ya iya ne kawai ke taɓa shi, kuma sai an kashe dafinsa kafin a rabu da shi. Babu mai sunkuyawa yana shaƙarsa a zaure.

Suka yi alkawari a gaban goggonku. Dutsen wata uku za a tara a niƙe, a raba gida biyu daidai. Rabi mutanen Malam su yi da zaiba yadda suka saba, rabi ita ta yi da gawayinta. In nata ya kai nasa a sikeli zai miƙa mata kwalbar zaiba, shi da ita har abada. In bai kai ba ta koma Yelwa ta bar shi da sana'arsa, kada ta ƙara yi masa maganar likita. Wannan alkawarin kam na ji shi a bakin goggonku, na kuma duƙufa da addu'a a kansa. Amma da me yarinyar za ta kama zinarin, ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Tambayar aikin ɗan fari a wurinmu kamar yabon kai ne. Ina dai ganin ta tana wucewa da sassafe da takalman roba da safar hannu, ta dawo da la'asar ta rame ta yi baƙi, in ƙara mata man shanu a tuwo in kau da kai.

Damina ta yi nisa lokacin da wata ukun suka cika. Wata ranar Talata ta shigo gida da rabin buhu a ka, an ɗaure bakinsa da sabuwar igiya. Ta durƙusa a bayana ina tsaga kifi.

"Inna, zan ajiye kaya a ɗakin ajiya."

"To," na ce da wuƙar hannuna.

Na ji ta ɗan tsaya kamar mai son ƙara magana. Da na waiwaya da ta faɗa. Ban waiwaya ba. Ta shiga ta ajiye, ta faɗa wa ubanta ko mene ne, ta hau mota zuwa Yelwa don ta shirya da wani maƙerin fari da zai narka mata zinarin. Malam kuwa, da mantuwarsa ta lokacin da kuma ganin cewa maganar zinari ba ta mata ba ce, bai ce mini uffan ba.

Washegari ruwa ya kece, ya kwana biyu bai ɗauke ba. A cikin ruwan nan ƙannena suka yi kamun da suka daɗe ba su yi irinsa ba, tarwaɗa da ragon ruwa manya-manya, suka juye mini duka kamar yadda muka saba, in yi banda a kai kasuwar Wara. Na duba itacena, duk ya sha ruwa, ko hayaƙin kirki ba ya yi. Kifi kuwa ba ya jiran kowa. Na shiga ɗakin ajiya neman ko tsohon kara, sai na ga buhun. Na kwance igiya na zura hannu, sai ga gawayi, ƙanana kamar ƙwayar dawa, a bushe ƙarau, tsaf babu ƙasa ko ɗaya. Wallahi a wurin na tsaya hawaye suka zubo mini. Na ce a raina, dubi yarinyar nan, duk wahalar da take ciki ta lura itacena zai jiƙe, ta nemo mini gawayi ta ajiye ba ta ce komai ba. Na kinkimi buhun da murna, ina jin cewa na haifi 'ya.

Ban taɓa samun wuta irin wannan ba. Na kunna 'yan busassun ƙirare na zuba shi a kai kaɗan-kaɗan, ya kama ja a hankali, babu harshe, babu tartsatsi, ya wuni yana ci. Kifi ya fito ja wur yana ƙyalli. Kwana biyu na yi ina aiki da shi har buhun ya ƙare, na kakkaɓe shi na ninke na adana. Da safe na share murhu na juye tokar a randa, na ɗebi tafi biyu na barbaɗa wa kuɓewata. Ina cikin jera kifi a kwanduna Malam ya fito daga ɗakin ajiya yana dube-dube.

"Kulu, ina buhun yarinyar ga?"

"Na yi banda da shi. Allah shi yi mata albarka, gawayi awa wanga ban taɓa gani ba."

Ya dube ni, ya dubi murhu, sai na ga ya zauna daɓas a ƙasa cikin taɓo.

"Inna lillahi. Kulu, zinariyar wata ukku ta cikin buhunga. Ita kinka ƙone."

Ban fahimta ba sai da ya maimaita sau biyu. Ba zinarin ne ya fara zo mini a rai ba, hannunsa na duba, yana kan gwiwarsa yana ta kaɗawa. Da hannuna na ƙone abu ɗaya da zai raba shi da zaiba. Sai ya tashi ya shiga zaure, na ji yana jan akwatin da kwalbar take ciki. Da ya fito fuskarsa ta saki, kuma wannan sakin fuskar ya fi zagi yi mini ciwo, don na gane a ransa ya huta.

"Allah bai nuhwa ba," in ji shi. "Ki yi kurum. In ta zaka ni ce mata ɓarayi sunka shigo. Kowa shi rufa ma kowa asiri."

Ya ba ni mafita mai sauƙi, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, na yi kusan sa'a guda ina juya ta. In na yi shiru babu mai sanin wautata. In na yi magana sai na fuskanci 'yar da ban taɓa haɗa ido da ita ba, in ce mata ni uwarki na rusa aikinki. Amma in na yi shiru za ta koma Yelwa da baƙin ciki tana zargin mutanen tunga, shi kuma ya koma zaure ya rufe ƙofa, ni ce kuma zan ɗebo masa garwashi. Na ɗauki wayata na hau tudun bayan gida inda ake samun sabis. Lambarta tana ciki shekara da shekaru, ban taɓa danna ta ba. Bugu ɗaya ta ɗauka.

"Inna? Lafiya? Baba ne?"

"Babanki lahiya lau. Ni ta. Na yi ɓarna."

Na faɗa mata tun daga ruwan sama har ninke buhu, ban rage komai ba. Na shirya jin kuka, ko ta kashe wayar. Sai na ji muryarta ta fito a hankali kamar mai tsoron amsar.

"Inna, tokar fa? Kin zubar?"

Duk halin da nake ciki sai da raina ya ɓaci.

"Ni? In zubar da toka? Yaushe kinka taɓa ganin na zubar da toka? Tana cikin randa."

Sai ta fashe da wani abu da ban san ko dariya ce ko kuka ba.

"Inna, zinari ba ya ƙonewa! Gawayin ne ya ci wuta, shi yana nan cikin tokar. Dama ƙona shi zan yi. Ki rufe randar nan, kada ruwa ya taɓa ta, kada iska ta shiga. Ga ni nan zuwa."

Na fara hamdala, sai ta ƙara da abin da ya tsinka mini murna.

"Amma kifin, kada kowa ya ci. Ko kyanwa. Na wanke gawayin, amma ruwan guba ya ratsa shi, ba zan rantse a kan abin da hayaƙinsa ya bari ba. Ke ma ki wanke jikinki, in kin ji jiri ko ciwon kai ki gaya wa Baba nan take."

Allah ya tsare, murhuna a fili yake, iska ta kwashe hayaƙin, ban ji komai ba. Amma kifin nan! Kwanduna cike, mafi kyan bandar da na taɓa yi, kamun ƙannena na damina, ga kasuwa washegari. Shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni ya ce dubi jansa, wa zai sani, a can Kontagora ko gaba za a cinye shi. Na tuna cewa duk inda ya je wata uwa ce za ta ɓare shi ta sa wa ɗanta a baki. Na kira ƙannena na gaya musu gaskiya, babban ya yi faɗa kamar zai ci ni ɗanya, ya yi wata biyu ba ya gaishe ni. Da rana tsaka muka haƙa rami mai zurfi a bayan gari muka juye kifin muka rufe, tunga kaf ta fito kallo. Daga ranar labarin da kuke ji ya samo asali, kafin magariba har ƙetaren ruwa an san Kulu ta gasa kifi da zinari ta kuma binne shi.

Da ta iso ba kifi kaɗai na rasa ba. Ta duba randa, ta duba murhu, ta ce tokar da ta shige cikin tsagogin laka ma akwai zinari a ciki, kuma murhun bai ƙara dacewa da abinci ba. Murhun nan da innata muka gina shi shekarar da aka kawo ni gidan nan, shatin yatsunta yana jikinsa. Ni na ɗauki gatari na fara sara, don ban so wani ya yi. Kuɓewar ma aka tumɓuke, muka kankare ƙasar gindinta, amma ruwa ya riga ya tafi da mafi yawan abin da na barbaɗa. Ta ce wannan kam ya tafi, sai mu yi da abin da ya rage, ba ta kuma san ko zai kai ba.

Tokar randa ba ta gama ƙonewa ba, da sauran baƙi-baƙi a ciki, kuma wai sai ta koma fara tas kafin maƙeri ya karɓa. Muka fita bayan gida da wani faffaɗan kasko, kowa da ƙyalle a hanci, muka tsaya ta inda iska ke fitowa. Nan na ga iyakar boko. Ta hura wuta mai harshe a ƙarƙashin kasko, ta ɗauki mafici tana fifita da ƙarfi, tokar tana tashi tana bin iska. Na daure, na ƙara daurewa, na kasa.

"Ba haka a ka yi ba. Kawo nan."

Maganar farko ke nan da na taɓa yi mata ina kallon fuskarta. Ta miƙo mini maficin ba musu. Na janye itace na bar garwashi, na baje tokar siriri, ina juyawa da bayan ludayi a hankali, na kafa zana ta tare iska. Ita tana gaya mini launin da take nema, ni ina ba wuta abin da take so. Kwana uku muka yi a haka. Ta ba ni labarin ramukan gawayi har na gane, ni kuma na nuna mata yadda ake sanin zafin wuta da bayan hannu. Na lura tana cije leɓe idan tana tunani, irin yadda innata take yi, shekara kusan talatin ban sani ba.

Rana ta uku da la'asar tokar ta yi fari, tana baje a kasko tana hucewa, ita kuma ta tafi rijiya ɗebo ruwa. Sai hadari ya taso ta gabas ba sallama. Iska ta fizge zanar, na rungume ta da hannu biyu na tokare da ƙirji, ina ganin saman tokar ya fara motsi. In na saki zana in ɗauko murfi, iska ta kwashe komai. Ga ta can ta ba ni baya, da nisa, guga a hannu. In na ce ke, ba za ta ji ba, mata biyar ne a bakin rijiyar. Na buɗe baki na kwaɗa mata kira da sunanta, sunan yanka, da dukan ƙarfina. Matan rijiya suka juyo baki sake. Ita ta daskare a tsaye, sannan ta yar da guga ta sheƙo da gudu ta kifa faranti a kan kasko ta danne da jikinta. Muka ja shi rumfa tare, ruwa ya sauko. Muka zauna muna haki, kowa yana kallon ruwa.

"Inna," ta ce, "ashe kin san sunan."

"Wa kike tsammani yaz zaɓe shi? Kwana shidda ina roƙon babanki kahin shi yarda."

Ta kwantar da kanta a kafaɗata, na bar ta, har ruwan ya tsagaita.

Mu huɗu muka je wurin maƙerin a Yelwa, ni da ita da Malam da goggonku mai shaida. Ya haɗa tokar da wani farin gari nasu na narki a 'yar tukunya, ya zuga wuta har ta koma fara. Da ya juye ya bari ta huce, ya sa guduma ya fasa wani abu mai kama da baƙin gilashi, sai ga shi a ƙasa, ɗan dunƙule rawaya, bai fi ƙwayar gujiya ba. Malam ya kwance ƙullin da mutanensa suka samu da zaiba daga ɗaya rabin dutsen. Aka ɗora nasa a hannu ɗaya na sikeli, nata a ɗaya. Ban iya kallo ba, na rufe ido ina salati, ina tuna tafi biyun da na ba kuɓewa. Shewar goggonku ce ta buɗe mini ido. Nata ya rinjaya, ba da kaɗan ba, duk da abin da na zubar.

Malam ya kai hannu zai ɗauka, yatsunsa suka kasa kama shi, ya gwada sau uku. Ta ɗauka ta sa masa a tafi ta riƙe hannun da nata biyu har ya lafa. Ya daɗe yana kallo.

"Ashe duk shekarun ga rabin arzikina ni ka zubarwa cikin yashi, ina shan guba bisa sauran."

Ya zura hannu a aljihu ya fito da kwalbar zaiba. Ashe ya taho da ita tun daga gida, bai gaya wa kowa ba. Ya miƙa mata, ya juyo gare ni, sai na ga tsohon Malam ɗina ya leƙo ta cikin idonsa.

"Ke kuma daga yau na bar yi miki tsiyar toka."

Bai bari ba, kun sani. Hannunsa ma bai koma daidai ba, har yau ni nake zuba masa shayi rabin kofi. Amma abin bai yi gaba ba, fushin ya tafi, da hannunsa yake cin tuwonsa, ga shi can ma a zaure ƙofa a buɗe yana cewa in rubuta cewa shi dama ya san gawayin zai yi. Mutanensa suka bi shi, wasu masu wankin suka zo suka koya a hankali, wasu har gobe suna kan zaiba, muna yi musu addu'a muna kuma yi musu magana. Matan tunga suna tara ƙwallon goruba da a da awaki ke wasa da shi. Ƙona gawayi kuwa, wurin da aka gina masa can bayan gari, ba a kunna shi sai an aiko a kira ni, kuma kowane buhu yanzu da jan fenti a jikinsa saboda irina.

To kun ji. Na ƙona zinarin gidanmu, gaskiya ne, amma ba wauta kaɗai ta sa ba. Na ƙona shi ne don 'yata ta tsaya a bayana da magana a bakinta ni kuma na ƙi waiwayawa. Ban ce ku yar da kunya ba, ado ce, ni ma har yau a gaban baƙi Ta-Yelwa nake cewa, a takardar nan ma kun ga tun daga farko nake ta zagaye-zagaye. Amma ku da kuke da 'ya'yan fari, in sun tsaya a bayanku ku juya ku dube su. Ranar da malamar ajinmu ta ce kowace ta rubuta kalmar da ta fi so ta fara iyawa, sauran mata sunayensu suka rubuta. Ni na cika shafi guda da tawa, ga ta nan kuma in ƙara rubuta ta inda kowa zai gani, da hannuna: Saudatu.